Maharazu Ya Ƙi Barin Buji

Radiyya aka raɗa masa ranar suna, a wani ƙauye kusa da Buji. Da zane da kallabi ya tashi, amma tun yana ƙarami yake ce wa mahaifiyarsa Iyatu, "Inna, ni fa namiji ne." Sai ta make masa baki.

Har ya haura shekara ashirin bai ga al'ada ba. Da jiƙe-jiƙe suka ƙi aiki, Iyatu ta kai shi asibiti a Dutse, daga can aka tura su Kano. Likita ya ce mata-maza aka haife shi, kuma halittar maza ce ta rinjaya. Ya tambaye shi me yake so. Nan take ya ce, "Namiji." Aka ɗora shi kan allurar sinadarin maza, ya zaɓi suna Maharazu.

Yunwa ce ta fara zuwa, kwanon tuwonsa ya daina isar sa. Murya ta buɗe, fuska ta feso da ƙuraje. Kafin damina ta zagayo, kitsen ƙugu da na cinya ya zube, ɗan abin da ya rage ya koma ciki. Kafaɗu suka faɗaɗa, damtse ya cika. A sikelin asibiti kuwa nauyinsa bai wani canja ba. Likita ya ce tsoka ce ta maye gurbin kitse.

Ƙanen mahaifinsa, Malam Barau, ya kira shi zaure. "Ka koma Kano inda ba a san ka ba. Surutun mutane ya ishe mu."

"Baffa, ka yi haƙuri, ba inda za ni. Gonar marigayi Baba tana nan. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba."

Ranar kasuwa ya sa riga da hula, ya saɓa buhun riɗi a kafaɗa, ya ratsa tsakiyar mutane. Wani mahauci ya ɗaga murya, "Radiyya, sannu da ƙoƙari!" Aka kwashe da dariya.

Ya dire buhun, ya je har gaban teburinsa. "Sunana Maharazu. In ka manta gobe, zan dawo in tuna maka."

Har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamarsa. Bana gero da riɗi ya shuka, shi kaɗai ya yi noman fari da maimai. Ran Juma'a yana shiga sahun maza, kuma ba ya zaɓar na baya.