Ƙwayar da ta hana Ladan Idi kiran Asuba

Har na yi ritaya ban manta da safiyar da Ladan Idi ya mayar mini da maganinsa ba. Zamanin soja ne, ana cikin fari, ina majo, wato shugaban masu jinya, a wani ƙaramin asibiti can wajen Korgom. Lokotoro kuwa, wato likita, sai an je Maraɗi.

Idi shi ke kiran salla a ƙauyensu tun yana saurayi. Fari ya cinye masa shanu, 'ya'yansa maza suka tafi cin rani babu labari. Ya daina cin abinci, ya daina hira, barci ya ƙaurace masa. Ciwon damuwa ne, mai tsanani. Wata huɗu yana shan ƙwayar da lokotoro ya rubuta, kamar ana zuba ruwa a rairayi. Sai aka ƙara masa ta biyu, wadda ake haɗawa da ta farko in ciwon ya ƙi ji, a sha bayan Isha'i.

Ta yi aiki, har na yi ta cika baki. Idi ya koma cin tuwo. Amma barcin da ta kawo ba na mutane ba ne. Matarsa ta girgiza shi ta gaji, ba ya motsi sai hantsi. Da aka kwana tara ba a ji muryarsa da Asuba ba, liman ya sa wani.

Ya zo ya ajiye ƙullin ƙwayoyin a kan teburina.

"Majo, amshi abinka. Kira ɗai ya rage mani, shi ma maganin ga ya ɗauke."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri in rubuta ma lokotoro. Ƙila a rage ta."

"Kai ba ka iya ragewa?"

Na iya. Amma doka ta hana majo taɓa abin da lokotoro ya rubuta, kuma a zamanin nan kuskure kaɗan sai ka ji ka a gaban kwamanda. Tsoro na ji, gaskiyar ke nan. Na rubuta takarda, ta kwanta tana jiran motar rigakafi ta kai ta Maraɗi, motar kuma tana jiran esansi, wato fetur.

Bayan sati biyar amsa ta zo, layi ɗaya: a raba ƙwayar biyu, ya sha rabi da Magariba. Na hau keke na nufi ƙauyen. Na tarar da tabarmi a ƙofar gidansa, ana zaman makokin Idi. Ashe tun ranar da ya zo wurina ya bar shan duka biyun. Ya karɓi kiransa, ciwon ya dawo, ya sake ƙin abinci har ƙarfinsa ya ƙare.

Ku yara masu shigowa aikin nan, kafin ku miƙa wa mutum ƙwayar da ke sa barci, ku tambaye shi me yake tashi yi da asuba. Ni ban tambaya ba, kuma rabin ƙwaya kawai Idi yake bukata.