Kwali Ashirin Na Yaya Hatsue

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Oktoba, aka tarar da ke a zaune bakin gonarki, wuƙar yanka a cinyarki, rai ya yi halinsa. Yaya Hatsue Kadowaki, shekararki tamanin da ɗaya. Ni na fara ganinki, har na yi miki tsiya wai yau kin makara.

Mu biyu muka rage muna noman burokoli, ɗan'uwan kabejin nan mai koren kai, a ƙauyen nan. Motar ƙungiyar manoma ba ta hawowa da ƙanƙara sai kaya ya kai kwali ashirin, shi kuwa burokoli in bai sha ƙanƙara ba, kafin ya isa kasuwar sari ya koma ruwan ɗorawa, dillali ya kau da kai. Naki sha biyu, nawa takwas. Haka muka yi shekara tara.

Shekarar da tsutsa ta cinye mini rabin gona, kin riƙa zuwa kina bin ganye ɗaya bayan ɗaya da tsinken cin abinci kina tsince ta, bakinki bai huta ba.

"Shigeto, malalacin banza! Kiwon tsutsa ka koma? To kai ta kasuwa mu ji nawa za a taya."

Da guguwa ta kwantar da gonakin gangare kaya ya yi tsada, kin ƙi cusa ruɓaɓɓu a ƙasan kwali, kin ce sunanki ne a jiki. In sanyi ya rine kawunan suka yi shuɗi-shuɗi, dillalai suka karya farashi, sai ki raba wa maƙwabta, kina cewa ai su ne masu zaƙin, mutanen birni da ido suke ci.

Sai bara 'yarki Chizuru ta faɗa mini tun da likita ya hana ki sunkuyo take roƙon ki koma wurinta a Osaka. Kin ce mata, "In na tafi, wa zai cika wa wancan ragon ashirin?" Ban taɓa nuna miki na sani ba, ban kuma gode miki ba. Wannan ne ke cina.

Zafin bana ya ƙi sauka. Muna hidimar jana'izarki, burokolin gonarki ya wuce yanka, ya buɗe fure, rawaya tun daga bakin hanya. Jiya na yanka takwas ɗina, na jera su a bakin titi, na zauna har rana ta take. Motar ba ta zo ba.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa kin huta da sunkuyo. Chizuru da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni nawa.