Ranar da Genzo Ya Mayar da Kyanwa

Shekara talatin da takwas Genzo, mijin yayata Fumie, ya yi yana duba tikiti a tashar jirgin ƙasa, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya shimfiɗa layin dogon da hannunsa. Tun ranar da ya zo neman aurenta na raina shi. Na fito da shayi na tarar da shi a bakin ƙofa yana kallon fuskarsa a ƙyallin takalminsa. Da ya yi ritaya sai ya nemi shugabancin kwamitin shara na unguwarmu a Setagaya, muƙamin da kowa ke gudu. Duk safiyar Talata ga shi can da farar safar hannu, yana kwance ledojin mutane don ya kama wanda ya haɗa kwalba da takarda.

Ɗa ɗaya suka haifa, Shuhei. Ya samu aikin ofis, uban ya yi ta yawo da katin aikinsa yana nuna wa har mai sayar da kifi. Bayan shekara biyu Shuhei ya ce ya gaji, dafa taliya yake so ya koya. Genzo bai tambaye shi dalili ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To ni me zan gaya wa mutane?" Ya kwashi takalman ɗan ya watsa su kan titi. Shuhei ya tsince su ya tafi garin Sapporo, can arewa mai nisa. Aka yi shekara tara, sai katin gaisuwa da yake aikowa duk sabuwar shekara, daga suna sai adireshi. Genzo ya hana a ba da amsa.

A makon da ya tafi ne na raka Fumie haikalin kyanwoyi da ke bayan layinmu. Ta sayi mafi ƙanƙanta, farar kyanwar yumɓu da ba ta wuce babban yatsa ba, hannunta na dama a ɗage tana kira. Ko yaron goye a unguwar ya san ƙa'ida: ka roƙi buƙatarka, ka kai kyanwar gida, tana nan tare da kai sai ranar da buƙata ta biya, sannan ka dawo da ita ka ajiye cikin 'yan'uwanta, ka yi godiya. Fumie ta ɗora tata a kan kantar kicin kusa da tukunyar shinkafa. Kullum da safe sai ta zuba mata shayi a ɗan ƙaramin kofi, ta shafa kunnenta na hagu, har jan fentin cikin kunnen ya goge. Genzo kuwa ba'a yake mata.

"Ke da kyanwarki! In yumɓu na dawo da mutum, da ba a gina tashar jirgi ba."

A hutun sabuwar shekarar da ta gabata, maƙwabciyarsu Ebihara ta yi jika. Ta ɗauko tata kyanwar a nannaɗe cikin ƙyallen alharini za ta mayar haikali, rabin layin na biye da ita ana yi mata barka. Genzo na tsaye a ƙofar gida yana kallo, hassada ta hana shi haɗiye yawu. Ebihara ta rusuna masa ta ce, "Baban Shuhei, ku ma ranarku na nan tafe." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma shi sai ya ji kamar mari.

Fumie ta fita cefane. Mutumin nan ya shiga ɗaki ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya ɗauke kyanwar daga kan kantar, ya bi bayan su Ebihara. Ina cikin haikalin ina kunna turare, da idona na gani. Ya kutsa tsakanin baƙi masu ɗaukar hoto, ya riƙe 'yar abar da hannu biyu kamar mai miƙa lambar yabo, ya ajiye ta a kan katakon da dubban irinta suke jere. Ya rusuna har sau uku, yana satar kallon ko ana ganinsa.

"Ah! Shuhei ya dawo ne?" in ji Ebihara.

"Mun shirya, mun shirya. Babban manaja ne yanzu a wani kamfani. Aiki ne ya riƙe shi, kun san manya."

Aka yi ta tafi. Na ji kamar in cire takalmina in kwaɗa masa, to amma a gaban Buddha muke.

Da yamma Fumie ta zo gidana babu ko mayafin wuya, ga sanyi. "Tokiko, ina ya ajiye ta? Nuna mini wurin." Muka koma. Kafin lokacin an ƙara ɗaruruwa a kai, ma'aikatan haikalin kuma sun matsa wasu don a sami wuri. Duk farare, duk da jan abin wuya, duk hannu a sama. Ta durƙusa tana leƙa kunnuwansu ɗaya bayan ɗaya har aka zo rufe ƙofa. Kwana huɗu tana zuwa, ba mu same ta ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata ba, ga shi duk wanda ya gamu da ita a hanya sai ya ce, "Maman Shuhei, barka da arziki!"

A rana ta biyar Genzo ya yi borin kunya. Ya je ya sayo kyanwa mafi girma da ake sayarwa, ya rungumo ta ta tsakiyar layi don kowa ya gani, ya dire ta a ƙofar shiga. Ina zaune a gidan.

"Ga ta nan, ta ninka waccan sau ɗari. Ai duk ɗaya ne, sai ki daina kunyata ni a gari."

"Yaya Genzo, wace kunyar ce ta yi saura?" na ce masa.

"Ke Tokiko, ba da ke nake ba."

Fumie ta daɗe tana kallon ƙatuwar kyanwar. Sannan ta ce, a hankali, "Shekara tara ina sa yumɓu yana yi mini kira, ni da nake da ƙafafu." Ta buɗe aljihun tebur ta kwaso katunan nan guda tara.

"Ina za ki?"

"Ka gaya wa duniya kun shirya. Zan je in ga wanda ka shirya da shi."

"To mutane fa? Me zan ce musu?"

"Ba ka taɓa rasa abin faɗa ba, Baban Shuhei."

Washegari ni na raka ta tasha. Wata goma sha ɗaya ke nan. Tana yanka albasa a shagon ɗanta, ta aiko mini hoto har ta yi kumatu. Genzo ya gaya wa unguwa wai ta je wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi saboda ciwon gwiwa. Ebihara kan tambaye shi, "Har yanzu gwiwar ce?" shi kuma ya gyaɗa kai.

Makon jiya Fumie ta ce in ɗauko mata rigar sanyinta in aika. Na tarar ya ɗauke ƙatuwar kyanwar daga ƙofar shiga, ya kai ta kicin inda ba a hangowa daga titi. Kantar ta yi mata kaɗan, sai ya ajiye ta a ƙasa kusa da tukunyar shinkafa. A gabanta ga ɗan kofin nan na Fumie, shayin ciki yana tururi. Ya ga na gani, ya yi maza ya tare wurin da jikinsa.

"Ba ta ce yaushe za ta dawo ba?"

"Rigar sanyi ta ce in aika mata," na ce.