Akwatin Bature a Kafaɗata

Shekarun baya, ina aji biyu a sakandare a wajenmu Kagarko, malamin adabi ya ɗauko wani littafin labari na zamanin Turawa ya mai da shi wasan kwaikwayo don bikin ƙarshen shekara. A littafin, Bature na da suna, dokinsa ma na da suna. Mutanenmu kuwa "'yan dako" kawai aka ce.

Da yake ko a aji ba a jin muryata, sai aka ba ni abin da ya dace da ni: in ɗora akwatin Bature a ka, in bi shi a baya, ba magana ko ɗaya. Har murna na yi.

Ina gwadawa a tsakar gida da kwalin taliya, sai kakata ta daina tsince acca.

"Sauke wannan abu. Wa ya koya miki?"

Na ce haka littafin ya rubuta.

"Mai littafin ya zo garinmu? Mu a kafaɗa muke ɗauka. Kai na tunani ne. Uwata ta sha bulala a hanyar Kaciya don ta ƙi ɗora kayan Bature a kai. Ta kai kayan, amma a kafaɗa."

Washegari na faɗa wa malam, ina kallon takalminsa mai igiya ɗaya baƙa, ɗaya ruwan ƙasa. Ya ce, "Ke kika rubuta littafin? Ki bi abin da ke takarda, ko ki sha noman ciyawa."

Ranar wasa na hango kakata a layin gaba, da zanen zumuntar mata na coci. Na ɗaga akwatin, na aza shi a kafaɗar hagu. Abokina da ya fito a Bature, fuska duk hoda, ya juyo ya ga abin da na yi. Don ya gyara wasan sai ya daka tsawa, "Ɗora a kai!"

Na ce, "A'a."

Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako, amma lasifika na kusa. Kakata ta rangaɗa guɗa, tsofaffin mata suka amsa. Bature ya manta sauran maganarsa.

Kwana uku na yi ina saran ciyawa bayan ɗakin gwaje-gwaje, tafin hannuna duk bororo. Kakata ta shafa mini man kaɗe tana tsokanata, wai ashe bebiyar gidan na da baki.

Har yanzu ina da kunya, ban canja ba. Sai dai duk littafin da na buɗe, nakan duba bayan Baturen in ga wa ke ɗauke da kaya, da kuma yadda aka ce ya ɗauka. In an rubuta ba daidai ba, ina da biro.