Wanda Ya Riga Malam Aƙilu Zuwa

Malam Aƙilu Jibril ya yi shekara talatin da biyar yana aikin malamin gona. Ya bi ƙauyukan Funtua a kan babur yana koya wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki, suna ce masa to, in ya juya baya su yi yadda suka gada. Da ya yi ritaya sai ya koma gidansu na Maska ya kama noman masara da waken suya. Mutum ne mai son komai a jere. Ko buhunan da ke ɗakin ajiyarsa sai ya rubuta wa kowanne shekara da sunan gonar da ya fito, kamar wani zai zo duba aiki.

A wani ɗaurin aure a Bakori ya ga jikokin kakansa biyu sun gaisa sama-sama, kowa ya ɗauka ɗayan baƙo ne. Abin ya tsaya masa a rai. Washegari ya sayi babban littafi mai bango baƙi, ya ja layuka da rula, ya ce zai rubuta zuri'arsu kaf, tun daga wanda ya fara sare dajin da ya zama gonarsu.

Aikin ya ci damina biyu. Tsofaffin gidan kowa da nasa labarin. Wani ya ce kakansu ya taso daga wajen Kafur da shanun noma biyu, wani ya rantse fara ce ta koro shi, ko akuya bai zo da ita ba. Malam Aƙilu ya kafa wa kansa doka: ba ya rubuta magana sai baki biyu sun haɗu a kanta. Ya kuma lura cewa mazan suna iya faɗa masa iyakar kowace gona da launin bijimin da ya mutu shekara hamsin baya, amma in ya tambayi sunayen 'ya'yan ƙannensu mata sai su fara sosa ƙeya. Dole ya koma wajen mata, inda da can ya kamata ya fara.

Haka ya isa wani ƙauye kusa da Kafur, wurin Gwaggo Nana Aisha, yayar mahaifinsa, wadda idonta ya tafi amma kanta na nan daram. Ya karanta mata shafin gidansu don ta zama baki na biyu: Jibril ya auri Ladidi, suka haifi Aƙilu, ɗan fari, sai Mansur, sai Zakiyya. Ta tsayar da shi.

"Me Ladidi take kiranka?"

"Aƙilu mana, Gwaggo."

"To kai da bokonka, ka taɓa jin mace irin ta lokacinmu ta kira ɗan farinta da sunansa?"

Bai taɓa ji ba. Ya sani sarai cewa matan da can ba sa kama sunan ɗan fari, don alkunya. Sai su ce "yaron nan" ko "wancan", har ya yi furfura. Ya ma rubuta hakan a littafinsa game da gidaje uku. Amma shekara sittin mahaifiyarsa tana ƙwala masa kira da sunansa tun daga bakin rijiya, bai taɓa haɗa abin da kansa ba.

Gwaggo ta ce akwai namiji kafin shi. A gidan iyayen Ladidi aka haife shi, aka yanka rago aka raɗa suna, bai kai arba'in ba ya koma. Ladidi ta dawo ɗakinta hannu wofi, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Sunan kuwa Gwaggo ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, lokacin tana gidan mijinta, ya shige mata.

Malam Aƙilu ya hau babur ya kamo hanyar gida da kunya a cikinsa, da wani ɗan haushi da shi kansa ya san ba shi da dalili. Shi ne babban wa a kowane zama, shi ake jira kafin a yanke magana, ga shi ashe wani ya riga shi. Ya bi duk inda ya san zai iya samun sunan. Mahaifinsa ya rasu da daɗewa, limamin da ya raɗa sunan ma haka, kawunnansa na wajen uwa ba ko ɗaya a raye. Duk duniya saura mutum ɗaya da ta sani, ta haura tamanin, kuma ita ce wadda bakinta ba zai faɗa ba. In ta tafi, yaron ya tafi gaba ɗaya, ko a addu'a ba mai ambatonsa.

Da ya tambaye ta kai tsaye, Inna Ladidi ba ta musa ba. Ta dai ce Nana Aisha tsufa ya sa mata surutu, kuma abin da ba ta faɗa da haƙoranta ba, ba za ta faɗa da dasashi ba. Ya nuna mata gurbin da ya bari a shafin, ta ce ita ba ta iya karatu ba, gurbi da rubutu duk ɗaya ne a wurinta. Ya ba ta haƙuri ya tashi. Ya bar maganar har aka gama girbi, ba don ya haƙura ba, sai don bai san ta inda zai ɓullo ba.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ya same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya buɗe littafin a cinya.

"Inna, ba sai kin faɗa ba. Ni zan riƙa faɗa, wanda ba shi ba ne ki ce a'a."

Ba ta ce to ba, ba ta kuma kore shi ba. Ya fara da sunayen da suka fi yawa a gidansu. Muhammadu, ta ce a'a. Abubakar, a'a. Usmanu, Haruna, Iliyasu, Kabiru, duk a'a, kanta a sunkuye, hannunta na aiki. Ya ƙare na gidan ya shiga na dangin uwa, ya ƙare su ya shiga na maƙwabta da na mutanen da ya sani a wurin aiki. Ya wuce suna talatin, har ya fara tunanin ko tana faɗin a'a ne kawai don ya gaji. Abdulrahman, a'a. Mahadi, a'a.

"Awaisu."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ya jira a'a, ba ta zo ba. Dokarsa ta baki biyu ta faɗo masa a rai, ya ture ta gefe, ya rubuta sunan a saman nasa, ya ja layi ya soke "ɗan fari" da ke gaban Aƙilu.

"Kwana talatin da ɗaya ya yi," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Yana da gashi sosai."

Wannan ma ya rubuta, ko da yake babu layin da ya ja domin irinsa. Ya rufe littafin zai miƙe, sai ta kama bakin rigarsa.

"Tun ranar da aka binne shi ban ƙara jin wani ya kira shi ba," ta ce. "Zauna. Sake faɗa in ji."