Innar Da Muka Kira Mayya

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina aure a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, da ɗiyata ɗaya. Maigidana haƙar zinariya yake yi. Yakan kawo duwatsu a buhu, mu mata mu daka a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa, gida-gida. Tawa ko yaye ba ta kai ba.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, mijinta ya rasu, ba ta da dangi a garin. Kowa Inna yake ce mata. Ran da ɗiyata ta fara ciwo, ita ta ɗauke ta da safe tana mata wasa, wannan kaɗai na riƙe. A zaman makoki na ce ita ta kama mata kurwa. Kafin la'asar maganar ta kai wurin maza. Aka fito da ita, aka tilasta mata tsallake yara marasa lafiya, samari suka rufe ta da duka. Ina tsaye ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ni fa na yi miki wankan jego." Aka kore ta, ta cika a hanyar Adabka, waɗanda suka binne ta ko sunanta ba su sani ba.

Mutuwar yara ba ta tsaya ba. Da likitoci suka zo suka gwada jinin yara da ƙasar gidajenmu, suka ce gubar dalma ce daga dutsen da muke dakawa.

Na daɗe ban yarda na tada wannan magana ba. Bara na miƙe a islamiyyarmu na ce ni na fara kiran Inna mayya, kuma ƙazafi na yi mata. Wasu suka ce in bar tone-tone. Na ce a gaban jama'a na ɓata ta, a gaban jama'a zan wanke ta. Liman ya sanar a masallaci, aka ambaci sunanta aka yi mata addu'a. Duk Juma'a ina mata sadaka.

'Yan uwana mata, zafin rashin ɗa yakan sa a nemi wanda za a ɗora wa, kuma kullum kan marar gata yake faɗawa. In yaro ya kwanta, ku kai shi asibiti. In kun ji an nuna wata, ku tsaya kusa da ita. Ni ban ɗaga mata hannu ba, amma bakina ya kashe ta, kuma zan amsa tambayarsa gaban Allah.