Kujerar Tsakiya a Adaidaita

Shekarun da na yi ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti can bayan Garki sun isa su mai da mutum baƙo a garinsu. Da aka dawo da ni Dutse na sauka a Limawa, gidan yayata, sai na tarar garin ya yi gaba ya bar ni. Inda na san fili ne ya zama shaguna, wai abinci ma a waya ake saye. Yayata ta ɗauki koya mini birni tamkar aikin gwamnati, kullum da sabon darasi.

Ran da zan je tantancewar ma'aikata ta leƙa sama ta ce, "Ke, in kin ga hadari, tsakiyar adaidaita ake shiga. Ki kame wurin, ko wa ya zo kada ki matsa."

Na ce to, don dai ta ƙyale ni. Hankalina na kan ambulan ɗin hannuna. Takarduna na asali ne a ciki, tun daga ta firamare har ta ɗaukar aiki. Ranar ce ta ƙarshe, kuma wanda bai kai nasa ba za a cire sunansa daga ma'aikata.

Na samu tsakiyar kuwa, wata mata mai jiki tana zaune a damana. Mun ɗan taɓa tafiya sai wata tsohuwa ta tsayar da mu, da robar daddawa a ka, za ta kasuwa. Ban ma yi shawara ba na ga na sauko ina cewa, "Inna, shiga ciki." A ƙauyen da na fito, wa zai zauna daram ya bar sa'ar uwarsa a baki? Mai jikin nan ta bi ni da wani kallo na tausayi, har ya ba ni haushi.

Minti biyar ba a yi ba na fahimci kallon. Ruwa ya kece da iska, tampol ɗin ɓangarena kuwa a yage yake. Muna isa wani kwari inda ruwa ke taruwa, injin ya yi tari biyu ya mutu. Gabanmu babbar mota ta maƙale, bayanmu motoci sun toshe hanya. Na zura ƙafa zan fita, direban ya daka mini tsawa.

"Hajiya, koma ciki! Lambatu ne a buɗe a nan, ruwa ya rufe shi. In kin faɗa ba mai ganinki."

Na koma na zauna. Ruwa ja mai ɗauke da ledoji ya hau ya rufe mana idon sawu. Ta sama yana zuba a kafaɗata, ta ƙasa yana cika mini takalmi. Na cusa ambulan cikin hijabi, hijabin ya jiƙe. Na ɗaga shi sama, rufin ma yoyo yake. Tsoro ya kama ni sosai, ga takaicin kaina, ga muryar yayata tana yi mini amo a kunne.

"'Yar nan, mene ne kike ta rawa da shi haka?" in ji tsohuwar.

Na gaya mata komai, har da zancen cire suna.

"Kawo nan."

Ta kwance zaninta, ta manna ambulan ɗin a cikinta, ta ɗaure tamau, ta ɗora robar daddawa a kai. Daga nan ta shiga ba mu labarin Dutsen da, lokacin da wannan kwarin gonar rake ce, wai ruwa bai manta hanyarsa ba, mutane ne suka manta. Ni dai ba ji nake ba. Agogon wayata nake kallo, ƙafafuna sun yi sanyi har ba na jin su.

Mun fi awa a haka, sai ga wata a-kori-kura mai tsayi ta kutso ta gefe. Mutanen ciki suka ce tsofaffi kawai za su ɗauka, ba wuri. Da hannuna na tallafe ta, na miƙa musu ita, na miƙa robar, har ina cewa a yi mata a hankali. Sai da motar ta sha kwana na dafe ƙirji. Takarduna sun tafi a cikin zanin matar da ban san sunanta ba, ban san unguwarsu ba. Yaya za a yi in dubi tsohuwa in ce mata ya sunanki? Inna na kira ta, shi ke nan abin da na sani.

Na yi kuka a adaidaitar nan, ban ɓoye ba. Mai jikin ta ce, "Ai da kin zauna a tsakiyarki." Da ba don lambatun ba, da na fita na bar mata keken.

Sai bayan la'asar ruwa ya janye. Na tafi ofishin ne kawai don kada a ce ban zo ba, ina tafe takalmi na tsirto da ruwa. A barandar bakin ƙofa na hango robar daddawa, ga mai ita a zaune tana ta faɗa tun kafin in ƙaraso.

"Ke wace irin yarinya ce? Ofis uku na shiga ina tambayar inda ake tantance ungozomomi. Kasuwar ma ta tashi ban je ba."

Ta kwance zani ta miƙo mini ambulan, a bushe ƙayau, da ɗuminsa. Na durƙusa zan yi godiya ta ce in tashi in shiga kafin a rufe. Da na fito ba ta nan.

Jami'in da ya duba takardun sai da ya shinshina su ya kalle ni. Har yau in na buɗe akwatin da nake ajiye su, warin daddawa ne ke fara tarbata, kuma har yau ban san sunanta ba.